Tun Ran Gini Ran Zane: Raddi Ga Masu Cewa Bahaushe Bai San Fasahar Zane Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasu 'yan bokonmu na Njamena, har yaran Ambassatna sun fara haddace ta kamar karatun allo. Wai Bahaushe bai san fasahar zane ba, sai da Nasara ya zo da fensir da takarda ya nuna masa yadda ake jan layi. Hujjar masu wannan magana ɗaya ce. Sun buɗe littafin makaranta sun ga an jera abubuwa bakwai da aka ce su ne tushen kowane zane a duniya, sun ga sunayen da Faransanci aka rubuta su, misalan da aka kawo kuma duk daga Faris da Rum suke. Daga nan sai suka yanke hukunci cewa abin da babu sunansa a littafin lakwal, babu shi a gidan ubansu. Ni kuwa na ce wannan magana ƙarya ce, kuma irin ƙaryar nan ce mai cin kuɗi da mutunci, don haka ba za a bar ta ta wuce ba a tanka ba.

Bari mu fara jera abubuwan nan bakwai da Hausa, don kada wani ya tsorata mu da su. Ni tubalan zane nake kiransu, tunda da su ake gina duk abin da aka yi domin ido ya gani. Na farko layi, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, siriri ko kakkaura. Na biyu siffa, wato abin da layi ke haifarwa idan ya zagayo ya haɗe da kansa, kamar da'ira ko murabba'i. Na uku ƙira, wato siffar da ta tashi ta yi jiki har ana iya zagaya ta, kamar tulu ko turmi. Na huɗu launi. Na biyar haske da duhu, wato yadda launi guda ke tashi daga fayau zuwa turarre. Na shida laushi da kaushi, abin da hannu zai ji in ya shafa, ko ido ya yi zaton zai ji. Na bakwai sarari, wato filin da aka bari babu komai, da tazarar da ke tsakanin abu da abu. Iyakar abin ke nan. Ina tambayar mai karatu, tsakaninsa da Allah, wanne ne baƙo a cikinsu?

Jerin ma ba tsoho ba ne

Abin da littafin lakwal ba ya gaya wa yaro shi ne wannan jeri da ake yi masa kallon saukakke daga sama, shekaransa ba su kai na gidajen wasu kakanninmu ba. Wani malamin zane Ba'amurke, Arthur Wesley Dow, shi ne ya fitar da littafi a 1899 inda ya ce a daina sa ɗalibi kwaikwayon hoto kawai, a koya masa tubalai uku: layi, launi, da daidaita haske da duhu. Shi kansa wannan na ukun daga Japan ya aro shi, har sunan Japananci ya bar masa, domin zanen mutanen Japan ne ya buɗe masa ido. Bayansa Wassily Kandinsky, mutumin Rasha da ya koyar a makarantar Bauhaus ta Jamus, ya fitar da nasa littafin a kan ɗigo da layi a 1926. Daga irin waɗannan ayyuka ne aka tattaro jerin da ake koyarwa yau.

To, mu lissafa. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara, da bakan gizo masu tashi daga ƙasa su je su haɗu a sama, da zane a jikin ginshiƙai. Wannan ya riga littafin Dow da kusan shekara sittin, ya riga na Kandinsky da kusan casa'in. Marinar Ƙofar Mata a Kano kuwa, shekarar 1498 ake danganta kafuwarta da ita. Turawa sun yi ƙoƙari, sun tattara abin da magina da marina da masassaƙa na duk duniya suka daɗe suna yi, suka sa masa suna suka tsara shi don aji. A yaba musu a kan tsarin. Amma wanda ya raɗa wa jariri suna ba shi ya haife shi ba.

Su kansu sun san haka. A 1907 Picasso ya shiga gidan tarihi na Trocadero a Faris ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka, abin da ya gani ya shiga aikinsa, aikin nasa kuma ya juya akalar zanen Turai. A 1976 an yi baje kolin fasahar Hausawa a Landan, David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma yi shekaru yana nazarin ɗinkin rigunanmu, shi ya tsara shi. Baƙo ya tsallako teku ya zauna gaban maɗinki yana rubuta sunayen aska, ɗan gida kuma ya wuce maɗinkin nan da safe ya je aji ya rubuta cewa mu ba mu da fasaha.

Ambassatna da hannu aka gina ta

Wannan magana ta fi ciwo a Ambassatna fiye da ko'ina, saboda tarihin unguwar. Faransawa sun kafa Fort-Lamy a 1900 bayan yaƙin Kusiri da aka kashe Rabe, sai a 1973 aka mayar da sunan garin Njamena. Hausawan da suka cika tsofaffin unguwanninsa, da yawansu maniyyata ne masu tafiya Makka a ƙasa, wasu suka yada zango a hanyar zuwa, wasu a hanyar dawowa, zango ya zama gida. Wani Ba'amurke, John Works, ya rubuta littafi guda a kan Hausawan Chadi a 1976. Sunan unguwar ma Larabcin Chadi ne, ma'anarsa mun ji daɗi.

Da me mai tafiyar shekara biyar ko goma a ƙasa yake ciyar da iyalinsa? Ba gona ya ɗauko a ka ba. Abin da ke cikin hannunsa da idonsa ya ɗauko: allura da zare, alƙalami da tawada, wuƙar dukanci, askar wanzanci. Inda ya sauka ya ɗinka hula ya sayar, ya rubuta Alƙur'ani ya karɓi sadaka, ya yi kube da laya da takalmi ya sami guzurin zango na gaba. Jikan wannan mutum ne yau ake gaya wa cewa layi da launi kayan Faransa ne.

Mu bi tubalan ɗaya bayan ɗaya

Ɗauki layi. Yaron tsangaya tun yana ɗan shekara biyar ake koya masa shi, ba a dai kira shi darasin zane ba ne. Ana fere masa alƙalamin kara, a nuna masa cewa faɗin bakin alƙalami shi ke ba harafi kauri, juya hannu kuma shi ke sirantar da shi. Ana sa shi ya jera sahu a allo ba tare da magwaji ba, kada sahun ya gangara. Alarammomin Borno da Kano da suke rubuta Alƙur'ani da ka, izu sittin, hannunsu bai canza ba daga Baƙara zuwa Nasi, wane darasi ne a kan layi za a ba su? Ga rubutun Barnawi mai kauri da nauyi, wanda Hausawan Chadi suka sani sarai saboda maƙwabtaka da Borno. Ga su Sharif Bala Gabari na Kano, wanda aka buga Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa ya bazu a Afirka ta Yamma. Kuma a al'adar ɗinkin babbar riga, malami ne ke fara zana aska da tambari da alƙalami a jikin yadi kafin maɗinki ya bi da allura. Layin allo da layin riga hannu ɗaya ne ya haife su.

Siffa kuwa, sunayenta ma da Hausa muke da su. Aska biyu da aska takwas, dogayen siffofi masu tsini da ke gangarowa daga wuya. Tambari, da'irar da ke zaune a ƙirji da baya. Dagi, layin da ke shiga ƙarƙashin kansa ya fito ba a ga farkonsa ba balle ƙarshensa, wanda Jihar Arewa ta Nijeriya ta ɗauka ya zama alamarta. A shafin Alƙur'ani ga alamar aya, ga kumsa a kan ta biyar, ga kuri a kan ta goma, ga zayyanar hizbi da sumuni a gefe, kowace da siffarta don mai tilawa ya gane inda yake da kallo ɗaya. Abin da masu tsara shafi a kwamfuta ke karɓar kuɗi a kai yau ke nan, a sa siffa ta yi wa ido jagora.

Ƙira ba sai an daɗe a kanta ba. Duk macen da ta gina tulu ta san in wuya ya yi tsawo ciki ya yi ƙanƙanta, tulun ba zai zauna a ka ba kuma ba zai yi kyau a ido ba. Zankwayen da ke tsaye a kan soro da tulluwar da ke rufe zaure duk darasin ƙira ne.

A kan launi ne nake so a tsaya. Ana koya wa yaro launuka uku na asali da yadda ake gauraya su, wannan ilimi ne mai kyau. Amma baduku ya san abin da ya fi haka, ya san inda launi yake fitowa. Ya san fata sai an jeme ta da bagaruwa kafin ta karɓi rini, ja daga karan dafi yake, rawaya daga gangamau, baƙi kuma da ƙarfe ake haɗa shi. Jar fatar akuyar Sakkwato da aka rina ta haka ta ratsa Sahara ta isa Turai, can aka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta hannun 'yan Maroko ta isa gare su. Kun ga, ba yau aka fara ɗaukar aikinmu a sa masa sunan wani ba. Marubucin Alƙur'ani shi ma da ƙa'ida yake zuba launi: baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da rawaya, alamar sadarwa da kore. Babu launin da aka sa don kwalliya kawai, kowanne aiki yake yi.

Harshen kansa shaida ne. Muna da ja da shuɗi da kore da tsanwa da algashi da shunayya. Inda suna ya ƙare sai mu koma ga abin da ido ya saba da shi: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma, ruwan hanta, ruwan ƙwai. Mutanen da ba su lura da launi ba, ba za su raba ruwan ƙwai da ruwan ɗorawa ba alhali duka rawaya ne.

Haske da duhu kuma a bakin karofi ake koyonsa. Baba ɗaya ne a cikin ramin, da toka da ruwa. Marini ya tsoma zane ya ɗaga, iska ta buge shi ya juya daga kore zuwa shuɗi. Ya sake tsomawa ya ƙara duhu. Haka zai yi ta yi har ya turu ya koma kusan baƙi. Tsani ne na launi ɗaya daga fayau zuwa turarre, irin wanda ake sa ɗalibi ya yi da fensir a cikin akwatuna tara ko goma, sai dai marini nasa a jikin yadi yake, in ya kuskure kuma asarar kuɗi ce. Bahaushe bai tsaya ga fari da baƙi ba, sai ya ce fari fat, baƙi ƙirin, baƙi wuluk, ja wur, kore shar. Duk ma'aunin ƙarfin launi ne a cikin baki.

Laushi da kaushi, a tambayi mabuga. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, launinsa daga marina yake, amma sheƙin nan da ke ɗaukar ido daga dukan mabugi da shuni ya samo shi. A tambayi magini abin da ya sa yake shafe bango da makuba, ko macen da ke daɓe. A tambayi mai sayen shadda a babbar kasuwa kusa da Masallacin Sarki Faisal, wanda kafin ya tambayi kuɗi sai ya murza ta tsakanin yatsu biyu.

Sarari shi ne mafi wuya, shi ne kuma inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Dubi babbar riga ta asali. Aikin ya taru a ɓangaren hagu inda aljihu yake, ya hau kafaɗa ya zagaya baya, dama kuma tambari ne kawai a cikin fili. Ba a raba aikin biyu daidai ba, duk da haka rigar ba ta karkata a ido. Filin da aka bari shi ke sa aikin ya fito. Wannan daidaito da ba na raba-daidai ba, babi guda ne a makarantun zane. Tsoffinmu sun gama shi da karin magana ɗaya: ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Masu ja da wannan magana

Na san za a ce, ai duk abin da ka lissafa sana'a ce, fasaha kuwa ita ce hoton da aka sa wa katako aka rataye a bango, wanda ba a yin komai da shi sai kallo. Wannan rabo na Turai ne, kuma ko a can bai daɗe ba. Manyan masu zanen Italiya da ake yi mana gori da su a shagon maigida suka yi koyo suna niƙa launi, aikin kwangila suke karɓa daga coci da attajirai, kamar yadda Babban Gwani ya karɓa daga sarki. Makarantar Bauhaus da aka kafa a 1919, manufarta ta farko ita ce rushe katangar da ke tsakanin mai fasaha da mai sana'a, shi ya sa aka buɗe sashen saƙa da na ginin tukwane da na aikin ƙarfe a cikinta. Masu katangar sun rushe ta tun shekara ɗari da suka wuce, mu ne muke yi mata yaɓe. Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane da ba ta yi boko ba, ta zagaya Turai da Amurka tana nuna aikinta, yau hotonta ne a bayan naira ashirin. Mai sana'a ce ko mai fasaha?

Wasu kuma daga ɗaya gefen suke zuwa, su ce zane haramun ne, a raba yara da shi. A nan sai a yi adalci. Maganar malamai a kan surar abu mai rai take, kuma magana ce mai nauyi da ba ni ne zan warware ta ba. Amma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, da mai sana'ar yin hoto ya kawo masa kuka, nuna masa ya yi ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Bai ce ya karya alƙalaminsa ba. A cikin tubalan nan bakwai babu wanda yake da rai. Da su aka ƙawata masallatai daga Andalus zuwa Istambul, da su ake yi wa mai sauka allon zayyana a kai shi gidan dangi ana murna. Wanda ya hana yaro sanin layi da launi da sunan addini, ya hana shi abin da alaramman unguwarsu yake yi kullum da safe.

Na uku su ne masu cewa zamani ya wuce wannan, injin kwamfuta yana yin aikin wuya cikin awa ɗaya wanda hannu ke wata yana yi, kuma talaka araha yake nema. Gaskiya ne, kuma ba ni da faɗa da inji. Faɗana da abin da ake zuba masa ne. Inji ba shi da ido, abin da aka ba shi yake maimaitawa. Shi ya sa za ka ga wuyan riga an cika shi dam babu wurin numfashi, zare ruwan gwal a kan shadda ruwan hoda, an ɗauko fure daga wani kundin China an manna a inda aska take. Da mai sarrafa injin ya zauna shekara ɗaya gaban tsohon maɗinki, da injin nan ya zama bawansa. Yanzu shi ne bawan injin.

Laifinmu

Ba lakwal kaɗai ke da laifi ba. Mu ne muka mayar da masu aikin hannu ƙasƙantattu. A ƙasar Hausa akwai gidajen da har gobe in majemi ko marini ya zo neman aure sai an yi ta kewaye-kewaye. A nan Chadi kowa ya san yadda ake kallon waɗanda ake kira Haddad, maƙera da danginsu, a tsakanin ƙabilu da dama. Muna son takobi muna ƙin maƙeri. Yaron da ya ga ana yi wa ubansa wannan kallo, don me zai gaji allura? Gara ya nemi babur ya yi haya. Su ma gwanayen suna da nasu, domin da yawa sun riƙe sirrin sana'a a ciki har ƙasa ta rufe su da shi.

Mu marubuta kuma kada mu ɓoye a bayan taro. A dubi bangon littattafan da muke saki a intanet. Hoton wata 'yar fim ɗin Indiya ko Balarabiya da aka tsinto, rubutu iri huɗu a shafi ɗaya, jan harafi a kan shuɗin fili wanda ido ba ya iya karantawa, ga fure ga zuciya ga mota duk an cusa. Labarin na Hajara ce a Zinder ko Abeshe, fuskar kuma ta Mumbai. Mutum ya yi wata shida yana gyara jimlolinsa, sannan ya sa wa littafin riga cikin minti goma. Zanen aro ba ya rufe katara. Duk wanda ya san sarari da haske da duhu ba zai aikata wannan ba, ko da waya kawai yake aiki.

Kuma akwai kuɗi a cikin maganar. Chadi ƙasar auduga ce, tun 1971 take da kamfanin Cotontchad. Audugar tana fita ɗanya, atamfa da shadda suna shigowa daga Holan da Ostiriya da China. Wani kaso na abin da muke biya a kan kowane turmi ladan wanda ya zauna ya tsara layi da launi ne. Allon shago, tambarin kamfani, kwalin kaya, katin biki, bangon littafi, duk aikin ido ne kuma duk ana biya. Wanda ya raina tubalan zane ya bar wa wani wannan kasuwa.

An taɓa yin irin wannan faɗa a gidanmu, wasu suka ci riba. A 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su yarda a koya musu zanen Ingila kaɗai ba, sai an haɗa da na gida. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya mayar da shi tafarki guda a Jami'ar Nsukka wanda duniya ta sani. Mafi yawansu 'yan Kudu ne. A Zariya suka farka, a tsakiyar gidaje masu zane da masallacin Babban Gwani, suka koma garuruwansu da darasin. Masu garin fa?

Ba ina cewa Bahaushe ne kaɗai mai ido ba, balle a Chadi. Hular zanna bukar da muke taƙama da ita ta Barebari ce. Ƙauyen Gawi na Kotoko yana nan kusa da Njamena, inda mata ke gina tukwane suna yi wa bangon gidaje zane da launukan ƙasa, tsohuwar fadar sarkinsu kuma ta zama gidan tarihi. Kayan yumɓun mutanen Sao suna Gidan Tarihi na Ƙasa da aka kafa a 1962. Zane-zanen duwatsun Ennedi, masu dubban shekaru, UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2016. Yaron Ambassatna yana zaune a ƙasar da ake zane tun kafin a san za a yi Faris. Wannan ya ƙara wa ƙaryar da muke magana a kai muni.

Abin yi

Ban ce a jefar da littafin lakwal ba. Yaro ya koyi sunayen da Faransanci da Larabci, zai ci jarrabawa da su, ya koyi dabarun nuna nisa da kusa a takarda da sauran abin da Turawa suka ƙware a kai. Abin da nake nema shi ne a gyara wanda zai zo farko. Malamin da zai koyar da layi ya shigo aji da allo da alƙalamin kara. Ranar launi ya gayyato baduku ko mai lalle. Ranar sarari ya shimfiɗa tsohuwar babbar riga a kan tebur ya ce yara su nuna masa inda maɗinki ya ɗaga hannu, su faɗi dalili. Wannan ba ya bukatar kasafin gwamnati, goron gayyata kawai yake bukata.

Masu unguwa da ƙungiyoyin matasan Hausawa su bi tsofaffin gwanayen da suka rage, a ɗauki hoton aikinsu, a rubuta sunan kowane zane daga bakinsu, da boko da ajami. Kowa yana da waya a aljihu, babu uzuri. Iyaye su daina dukan hannun yaron da suka kama yana zane a bayan littafi, su kai shi wurin mai ɗinki ko mai rubutun allon shago ranar da babu makaranta. Marubuci kuma ya nemi mai zane na gida ya biya shi ya yi masa bango, kamar yadda yake biyan mai buga masa rubutu.

Magina sun san zanen bango sai ƙasa tana ɗanya ake yin sa, in ta bushe sai dai a kankare. Shi ya sa aka ce tun ran gini ran zane. Idon yaro ma haka yake. Wanda aka koya wa tun yana ƙarami cewa kyau daga waje ake shigo da shi, zai girma yana sayen kyau daga waje, ya kuma koya wa 'ya'yansa. Tsofaffin da suka san sunan kowace aska ba su da yawa yanzu, kuma ba jiranmu suke yi ba.

Allah Ya jiƙan gwanayen da suka riga mu, Ya sa albarka a hannun waɗanda suka rage, Ya ba mu idon ganin abin da ke gabanmu. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, fili a buɗe yake, sai dai ya zo da hujja.